Sai Aka Yi Yaya? Jagorar Saka Labari Cikin Hoto da Fim

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san yadda wayoyi ke tashi sama da zarar an ji ƙarar bindiga da busar kakaki. Kashegari in ka leƙa WhatsApp da Facebook sai ka ga hotunan kamar uwa ɗaya ta haife su: doki, rawani, laima, ƙura. Ni ma haka na fara. Shekarar da na samu kyamarata ta farko na cika katin ajiya fal, na dawo gida da zumuɗi, na zauna kusa da kakata a tabarma ina nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta kallo ba ta ce uffan ba, har muka iso kan wani yaro da ke riƙe da linzamin doki, takalminsa ɗaya ya fita, yana waiwaye. Ta dafa hannuna ta ce, “Tsaya, ɗan nan. Wannan yaron fa, sai aka yi yaya?”

Ba ni da amsa, domin ban bi shi ba. Cikin hotunan nan kaf, shi kaɗai ya tsayar da ita, kuma dalilin a fili yake: shi kaɗai ne ke cikin wani hali. Yana son takalminsa, ba zai iya sakin doki ba, ayari kuma ba ya jira. Tun daga ranar, wannan tambaya tata nake yi wa kowane hoto da kowane ɗan fim da na haɗa. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi in samu amsarta, kuma wayar da ke aljihunka ta isa ka gwada.

Mataki na farko: nemo mutum ɗaya da ke son wani abu

“Zan yi fim a kan al'adun Zazzau” magana ce mai daɗi, amma ba a ɗaukarta da kyamara. Abin da kyamara ke iya kamawa shi ne mutum guda, da buƙata guda, da abin da ya tsaya masa a hanya. Mun san wannan tun muna yara. Ana cewa “Ga ta nan, ga ta nanku,” mu amsa “Ta zo mu ji ta,” kafin a yi nisa an gaya mana Gizo yunwa yake ji kuma ba ya son noma. Daga nan babu mai gyangyaɗi.

Saboda haka kafin ka fita, rubuta labarinka a jimla ɗaya mai gaɓa uku: wane ne, me yake so, me ya hana shi. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne wannan: wani dattijo mai ɗinkin hannu a cikin birni yana son ya gama babbar riga mai aska takwas kafin jajibirin sallah, ga kwana ya ƙure, ga ido ya fara rauni. In jimlarka ta ƙi fitowa haka, to ba ka samu labari ba tukuna, wuri kawai ka samu ko sana'a. Ka ci gaba da nema. Mai kai kaya da amalanke a kasuwar Sabon Gari, ɗalibar da ke fitowa daga Tudun Wada kullum asuba don ta kama lacca a Samaru, manomin rani a bakin Galma da injin ban-ruwansa ya tsaya, duk suna ɗauke da irin wannan jimla, sai dai sai ka zauna da su za ka ji ta.

Wa'adi yana taimakawa ƙwarai. Sallah, ranar ɗaurin aure, ranar jarrabawa, saukar ruwan farko. Inda akwai ranar da ba ta ɗaguwa, mai kallo zai riƙa ƙirga kwana tare da kai ba sai ka ce masa ya ƙirga ba.

Mataki na biyu: ka je hannu rabbana

Zuwan farko ka bar kyamara a gida, waya kuma ta zauna a aljihu. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi a bakin zaure, ka durƙusa ka gaida mutum yadda ya kamata. In akwai wanda ya san ku duka biyu, shi ya kai ka. Lokacin da na je wa dattijon da nake ba da misali da shi, abin da na ce bai wuce haka ba: “Baba, aikin nan naku nake so in ɗauka daga farko har a sa rigar, in kun yarda. In an gama zan kawo ku gani kafin kowa.” Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “To, ɗana, ka zo bayan hantsi, lokacin ne nake ganin ramin allura.” Wannan magana ta ba ni lokacin ɗauka, ta kuma ba ni zuciyar fim ɗin gaba ɗaya.

Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je. In intanet za ka sa, ka ce intanet. Cikin gida ba a shiga sai da izinin maigida da na matan kansu, kuma sau da yawa abin da ya fi shi ne 'yar'uwarka mace ta riƙe kyamarar. Yara sai da yardar iyaye ko malaminsu. Wanda ya ce a'a, an gama.

A wannan zama kana aiki ko da ba ka ɗauki komai ba. Ka lura ta ina haske ke shigowa. Ka lura da abin da hannun mutum ke yi in yana tunani. Ka ji irin ƙarar da ke unguwar, da lokacin da take lafawa.

Mataki na uku: abin da ka bari a waje

A nan ne ma'ana ke fara shiga, kuma a nan na fi so mu daɗe. Hoto yana da gefe huɗu, duniya kuwa ba ta da su. Duk lokacin da ka ɗaga waya, kana zaɓen abin da za a gani da abin da za a rufe, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ɗauki dattijon nan. In ka matsa har hannunsa da allura suka cika hoton, labarin gwaninta kake bayarwa. In ka ja baya aka ga zauren, da tabarmi uku babu kowa a kai inda almajiran sana'a suka saba zama, labarin ya koma na sana'ar da matasa ke bari. In ka ƙara ja baya har aka hango shagon da ke tsallaken lungu, inda keken ɗinkin wuyan riga ke ruri, ka sa gwagwarmaya tsakanin hannu da inji ba tare da ka furta kalma ba. Mutum ɗaya, rana ɗaya, labari uku. Wanne ne gaskiya? Wanda ka tabbatar da shi a zaman da ka yi. In tabarmin nan babu kowa ne kawai saboda yaran sun tafi cin abinci, ba ka da ikon ka mai da su shaidar mutuwar sana'a.

Tsayin da ka riƙe kyamara ma magana ce. Daga ƙasa kana kallon sama, mutum yana ƙara kwarjini, shi ya sa ɗan lifidi ke cika ido in ka durƙusa ka ɗauke shi. Daga sama kana kallon ƙasa, mutum yana ƙanƙancewa. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai a yawancin hotunan almajirai da ake yaɗawa: babba ya tsaya a tsaye, ya sunkuyar da waya kan yaro da robarsa, ya fito da shi abin tausayi kawai. Durƙusa ka daidaita da idonsa, sai ka ga yaro mai suna, mai wayo, mai abin da yake so a ransa. Ga wanda ke zaune a ƙasa, kai ma ka zauna.

Sai haske. Zaure yana da kyauta guda: ƙofa ɗaya ce ke kawo haske, sauran duhu ne mai taushi. Ka sa mutum ya kasance hasken na dukan gefen fuskarsa, kai kuma ka tsaya yadda ƙofar ke gefenka ko bayanka. In ka fuskanci ƙofar, zai zama inuwa baƙa, wanda shi ma yana da amfani in kaɗaici kake son nunawa. A waje, hantsi da la'asar sakaliya ne lokutan aiki. Rana tsaka tana zuba duhu a ramin ido, ƙarƙashin hula kuma fuska ta ɓace. Hazon hunturu yana kashe launi ya lulluɓe Dutsen Kufena har ka neme shi ka rasa, amma yana ba ganuwa da tsofaffin ƙofofi irin su Ƙofar Doka wani tsufa da damina ba ta bayarwa. Ka zaɓi yanayin da ya dace da abin da kake son a ji.

Abubuwa ƙanana na waya, a gurguje: goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, kashe layi kada kira ya katse ka, danna ka riƙe a kan fuskar mutum har hasken da saitin su kulle, kuma kada ka jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka. Ka yanke tun farko ko a kwance za ka ɗauka, don YouTube da talabijin, ko a tsaye, don TikTok da sitatus, kada ka gauraya.

Mataki na huɗu: tara kayan gini

Wajen fim, kowane aiki da mutum ke yi ka ɗauke shi ta fuska biyar. Hannu a kusa, yana soka allura. Fuska a kusa. Ɗaukar nesa da ke nuna inda ake. Ta bayan kafaɗarsa, yadda mai kallo zai ga abin da shi yake gani. Sai ta biyar, wadda idonka ya ba ka: ƙwallon zare yana gangarawa, ko tabarau a ajiye kan shadda. Kowace ɗauka ka riƙe ta aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi, ka ƙirga a zuci. Gwiwar hannu a manne da ciki, numfashi a hankali. Sabon shiga yakan yi ta yawo da kyamara hagu da dama yana son ya nuna komai, ranar tacewa kuma ya rasa daƙiƙa uku masu natsuwa.

In mutum biyu na magana, misali dattijon da mai rigar da ya zo yi masa tuni, ka ƙaddara akwai igiya a miƙe tsakaninsu, ka tsaya a gefe ɗaya nata har a gama. Masu sana'ar na kiran wannan dokar digiri 180. In ka tsallake igiyar, a fim za a ga su biyun suna kallon gefe guda kamar ba juna suke yi wa magana ba, mai kallo ya rikice bai san dalili ba.

Kada ka ɗauki rana ɗaya ka ce ka gama. Labari canji ne, canji kuwa sai da lokaci. Ka je ranar da aka zana aska a jikin yadi babu zare ko ɗaya. Ka koma an kai rabi. Ka koma daren da aka ɗauke wuta yana aiki da fitilar waya a baki. Ka bi rigar zuwa wurin 'yan bugu. Ka kasance a wurin ranar da mai ita zai zura ta. Zuwa da kai ya fi aike.

Sauti rabin fim ne, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Mutane za su yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba za su zauna kan maganar da ba sa ji ba. Ka kusantar da makirfo ko wata waya ta biyu zuwa kamu ɗaya ko biyu daga bakin mai magana. Ka guji kusa da janareta da bakin titi. Sannan a kowane wuri ka ɗauki minti ɗaya na sautin wurin kawai, kowa ya yi shiru. Ƙarar mabugi a kan itace, kiran sallah daga nesa, ƙarar zare yana ratsa shadda, waɗannan sun fi duk wani kiɗan da za ka ɗauko a intanet faɗa wa mutum cewa a Zariya yake. In za ka yi tambaya, kada ka yi wadda amsarta e ko a'a. Ka ce, “Baba, ku ba ni labarin rigar farko da kuka ɗinka.” In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, maganar da ta fi nauyi tana bayan shirun.

Mataki na biyar: jeri, inda ake ƙulla ma'ana

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A fim kuwa, fuskar ma sai an tambayi maƙwabcinta. Wajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lef Kuleshof, ya gwada wani abu da har yau ake koyarwa. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da yarinya tana wasa. Kamar yadda aka ruwaito, masu kallo sun ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, ƙauna a ta uku, alhali fuskar guda ce ba ta sauya ba.

Ka gwada da kanka yau, ba zai ci maka rabin awa ba. Ɗauki ƙanenka daƙiƙa biyar yana kallon gefe, fuska a sake. Ɗauki kwanon tuwo yana tururi, da takardar sakamakon jarrabawa, da sabon babur. A CapCut ko duk manhajar tace bidiyo da kake da ita, ka sa fuskar bayan kowanne. Nuna wa mutum uku daban-daban, ka tambayi kowa me yaron ke ji. Ranar da ka ji amsoshinsu, ranar za ka san irin ƙarfin da ke hannun mai tace fim, da irin amanar da ke wuyansa.

Yanzu ga yadda nake jerawa. In hotuna ne, nakan zaɓi kamar 30, in wanke su ƙanana ko in buɗe su duka a fuskar kwamfuta, in rage su zuwa tsakanin 8 da 12. Na farko ya buɗe ƙofa, ya nuna wuri ya kuma jefa tambaya. Na biyu ya gabatar da mutumin. Na tsakiya su nuna aiki da cikas, ana sauya nesa da kusa don ido kada ya gaji. Na ƙarshe ya nuna abin da ya canza. Hoto biyu da ke faɗin abu ɗaya, ɗaya ya fita, ko da kuwa shi ne wanda ka fi so. Wannan yana da zafi. Akwai hoton ƙofar zauren dattijon da hasken la'asar ya zuba a kai wanda har yau nake so, amma bai ƙara wa labarin komai ba, na cire shi.

In fim ne, minti uku zuwa biyar ya isa na farko. Kada ka fara da bayani. Fara da allura tana neman rami ta kuskure, ta sake kuskurewa. Cikin daƙiƙa goma mai kallo ya san akwai matsala kafin ya san sunan unguwar. Ka shiga kowace fitowa a makare, ka fita da wuri: ba sai an ga mutum ya shigo, ya tuɓe takalmi, an gama gaisuwa kaf ba, sai in gaisuwar ce ke ɗauke da maganar. Ka yanka a tsakiyar motsi, hannu na ɗagawa a ɗaukar nesa ya sauka a ta kusa, ido ba zai ga ɗinkin ba. Ka bar ƙarar bugu ta fara shigowa tun ana kan fuskar dattijon, kafin a ga 'yan bugun, sai sauti ya ja mai kallo zuwa gaba. Saurin yanka yana kawo fargaba, jinkiri yana kawo nauyi. Daren da wuta ta ɗauke, ka bar ɗaukar ta yi tsawo har mai kallo ya ji idonsa na yaji.

Abu guda da ban yarda da shi ba: a ɗauko hawayen da mutum ya yi kan rasuwar ɗan'uwansa a liƙa bayan maganar kuɗin riga, don a ce talauci ya sa shi kuka. Dabarar Kuleshof za ta yi aiki, mutane za su yarda, kuma ƙarya ce aka yi wa bawan Allah da fuskarsa.

Mataki na shida: rubutun ƙasan hoto

Layi ɗaya a ƙasan hoto yana iya juya shi gaba ɗaya. Mun sha ganin tsohon hoto daga wata ƙasa an sa masa sunan garinmu ana yawo da shi ranar da hankali ya tashi. Garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata 'ya'yansa su yi sakaci da wannan ba. Ka rubuta wane ne, in ya yarda a faɗa, a ina, yaushe, me ke faruwa. Kada ka maimaita abin da ido ya riga ya gani, kada kuma ka gaya wa mutane abin da za su ji a ransu. “Saura kwana biyu sallah, aljihun rigar bai haɗu ba” ya fi “Allah sarki tsoho” aiki nesa ba kusa ba.

Kwanan wata kuwa kada ka raina shi, domin lokaci ma yana rubuta nasa labarin a kan hoto. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, mutane da yawa sun ɗauki bakan gizon rufinsa da ginshiƙansa don sha'awar gini kawai. Da wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, waɗannan hotuna suka koma wani abu daban a idon duk Bazazzagi. Wanda ya rubuta rana da shekara a nasa, shaida ce yake riƙe da ita. Saboda haka ka adana asalin abin da ka ɗauka a wuri biyu, ka sa wa kowace jaka suna da kwanan wata, kada ka dogara da wanda WhatsApp ya matse.

Mataki na ƙarshe: gwaji, sannan cika alkawari

Kafin ka saki, ka nuna wa mutum biyu da ba su san labarin ba, kuma kada ka yi musu bayani ko kalma ɗaya. Kashe sautin a karo na farko. In an gama ka ce su ba ka labarin da suka gani. In abin da suka faɗa ya yi kusa da jimlar da ka rubuta a matakin farko, aiki ya yi. In sun ce “ya yi kyau” suka tsaya nan, koma kan jeri. Ka riƙa kallon fuskarsu, ba fuskar waya ba. Inda idonsu ya kauce, nan ne za ka rage.

Daga nan sai ka koma zauren. Na kai wa dattijon nasa bayan sallah da kwana huɗu, muka zauna da jikokinsa biyu aka jingina wayar da butar alwala. Da aka zo inda allura ke kuskure rami, gabana ya faɗi, don ban san yadda zai ɗauka ba, kuma na riga na ƙudurta in ya ce a cire zan cire. Ya kalla har ƙarshe, har inda mai rigar ya ɗaga hannuwa biyu yana gyara ta a kafaɗa. Ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya sa yatsa a kan fuskar wayar daidai wuyan rigar, ya juya ga babban jikan ya ce, “Ka ga nan? Nan ne na ce maka sai an ja zaren a hankali. Gobe ka zo da allurarka.”